Wake da Shinkafa: Hirar Daren Adashe a Argungu

Adashenmu daren Juma'ar ƙarshen wata yake fita, a tsakar gidan Yaya Babba, can cikin tsohon gari, ba nisa da Gidan Tarihi na Kanta. Mu tara ne. In an yi sallar isha'i an kwantar da yara, sai a baje tabarma biyu gindin darbejiya, a ajiye kwanon soyayyen kifi da ƙwaryar fura a tsakiya, kowa ta kwance bakin zane ta zuba nata. Zubin ba ya cin minti goma. Hirar da ke biyo baya ita ke kai mu sha biyun dare, kuma dokarta ɗaya ce tun farko: abin da aka faɗa a kan tabarmar nan, a nan yake kwana. Sai da na roƙe su kafin in ɗauko wannan, suka yarda bisa sharaɗin kada in kama sunan kowa. To 'yar'uwa mai karatu, matso kusa, yau ke ce ta goma.

Auta ce ta tayar da zancen, tana tsame ƙaya daga kifi.

"Kun ji Malam zai tsaya kansila?"

Duk mun san wanda take nufi. Tsohon hedimasta ne, rabinmu ta hannunsa muka bi. Da tuƙa-tuƙar unguwarmu ta lalace aka shafe wata biyar ana sayen ruwa wajen 'yan garuwa, shi ya bi gida gida da littafi yana tara ɗari biyu-biyu har aka gyara, ya kuma karanta lissafin abin da aka kashe a ƙofar masallaci. In naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ƙofarsa ake bugawa saboda tsohuwar motarsa. Ya nemi takara a wata babbar jam'iyya, aka ce an yi masalaha, wato an riga an yi ɗauki-ɗora. Tunda tsarin mulkin ƙasar nan bai yarda mutum ya tsaya da ƙafarsa ba sai da jam'iyya, sai ya karɓi tutar wata ƙarama, irin waɗanda sai ka ƙura wa takardar zaɓe ido kafin ka gano alamarsu.

"Ni dai shi zan yi," in ji Auta. "Ko ni kaɗai ce."

Yaya Babba ta ajiye ludayi. Shekara ashirin ta yi tana turara shinkafa tana kaiwa kasuwa, ba ta fara magana sai ta auna ta.

"Auta, ina son Malam, Allah na gani. Ɗiyana huɗu shi ya koya musu baƙi. Amma asarar ƙuri'a za ki yi. Zaɓen ƙananan hukumomi da anka yi ranar 31 ga Agusta 2024, mi ya faru? Ciyaman 21, kansila 225, APC ta kwashe duka. PDP ma ƙaurace wa zaɓen ta yi. In lema ba ta shiga ruwan ba, wa zai tsaya sauraren wata 'yar jam'iyya da ko ofis ba ta da shi cikin garin ga?"

Malama, wadda ke koyarwa a sakandare, ta ce wannan ba a Kebbi kaɗai ba ne. A Kano cikin Oktoban shekarar NNPP ce ta kwashe ƙananan hukumomi 44 kaf, don ita ke riƙe da gwamnati a lokacin. Kusan duk inda hukumar zaɓen jiha ta shirya, jam'iyyar gwamna ke tashi da komai.

"To kin ji," in ji Yaya. "Kuma bari in faɗa muku abin da ke raina, tunda mu ya mu ne. Ba wanda ke ganin inda yatsana ya dangwala, na yarda. Amma sakamakon akwati ana gani. In an zo rabon taki, ko injin ban ruwa, ko rubuta sunan mata na tallafi, ta hannun kansila da mutanensa takarda ka biyowa. A ce akwatinmu ya yi tawaye? Mijina fadama shika noma. Tun da anka cire tallafin mai a 2023, kuɗin fetur na injin kaɗai ya ishe mu kuka. Ba ni son a shafa muna baƙin fenti a kan abin da ba za mu ci ba."

Aka yi shiru. Ba wadda ta ga laifinta, don tsoron nan ba ƙirƙirarsa ta yi ba, kowace cikinmu ta taɓa jin an ce wata unguwa "ba tamu ba ce". Wannan shi ne lissafi na farko, lissafin mai iyali: bi wanda zai ci, ko da ba ka so, don kada a rufe maka ƙofa.

Malama nata lissafin daban ne, kuma ta fi Yaya zafi a kan Auta.

"Ni ba don a bi mai ci nake magana ba. In canji kike so, Auta, ki duba wa ke da ƙarfin kayar da wanda ba ki so, ki ba shi, ko da shi ma bai kwanta miki ba. Da babu gara ba daɗi. A tsarinmu wanda ya fi ko da ƙuri'a ɗaya shi ne kansila, na biyu da na goma duk gida za su koma. Ki duba 2023. Tinubu ya ci da ƙuri'a kusan miliyan 8.8. Atiku ya samu kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Su ukun nan a farkon 2022 duk suna cikin PDP. Suka rabu, kowa ya ja nasa, wanda bai kai kashi 40 cikin 100 ba ya hau. Ita kanta APC ai darasin nan ne ya haife ta. A 2011 CPC daban, ACN daban, ANPP daban, suka sha ƙasa. Sai da suka haɗe a 2013 sannan suka ci a 2015. Duk ƙuri'ar da kika ba Malam, daga kwandon ɗan adawa mai ƙarfi kika zare ta. Sai a tashi ba tsuntsu ba tarko."

Auta ta yi ƙasa da kai. Ni kaina a daidai lokacin na ji maganar Malama ta fi nauyi.

Amarya, wadda danginta na uwa mutanen Dogon Dutse ne a Nijar, ta ce ita abin da ke ba ta haushi shi ne mu ba a ba mu damar da aka ba su can, lokacin da ake zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa zagaye biyu suke yi. A na farko kowa ya bi zuciyarsa, in ba wanda ya haura rabi sai a sake tsakanin biyun da ke gaba. Kawunta ya sha ba su labarin 1993: Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahaman Usman na biyu, sai sauran jam'iyyun adawa suka tattara nasu suka mara wa Usman baya, ya ci a zagaye na biyu. "Can ƙuri'ar ƙarami ba ta zuba ƙasa," in ji ta, "ajiya ce. Mu nan sau ɗaya ake tambayarmu, dole zuciya da kai su yi faɗa a cikin 'yar rumfar nan."

Duk wannan Goggo na jan carbi ba ta ce uffan ba. Ita ce babbarmu da nisa, uwar adashe tun kafin a haifi Auta. Sai da aka sarara sannan ta gyara zama.

"Ni 1979 na fara jefa ƙuri'a, muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a ko yi mafarkin jihar Kabi ba. Kun san kafin nan, zamanin su Sardauna, mata ba su zaɓe a Arewa? Ranar nan sabon zane na ɗaura kamar za ni biki. Duk gidanmu NPN anka yi, don Shehu Kangiwa namu ne, ɗan ƙasar Arewa, kuma shi ya ci gwamna. Ni ko jam'iyyar Waziri Ibrahim na yi, GNPP, don maganarsa ta siyasa ba da gaba ba ta shiga raina. Ba mu ci ba. Amma yau shekara arba'in da wani abu, ban taɓa kwana da nadamar ƙuri'ar nan ba. Waɗanda na jefa daga baya don an ce kowa can ya nufa, wasu har yau suna ci mini rai."

Malama ta yi murmushi ta ce Goggo ta kama ta da nata makami. Ita ce ke koya wa ɗalibai cewa NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ba ta taɓa kafa gwamnati a Arewa ba. An ɗaure mutanenta, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba sau biyu ba, a kan abubuwan da suka haɗa da neman a bar mata su yi zaɓe. Da kowa ya ce NPC ta su Sardauna ce mai ci, a bi ta kawai, da wa zai riƙe maganar har ranar da Goggo ta ɗaura sabon zanenta? "Amma Goggo," ta ƙara, "a tuna da Balarabe Musa. PRP ta ci gwamnan Kaduna a 1979, majalisa kuwa ta NPN ce. Ko kwamishinoni ba su bari ya naɗa ba, suka tsige shi a 1981. Mazaɓu 11 gare mu a Argungu. Malam shi kaɗai cikin 11, me zai iya?"

"Zai iya tambaya," in ji Auta, muryarta na rawa. "Yanzu wa ke tambaya?"

A nan ne na sa baki, don tun ɗazu wani abu ke yi mini kai-komo. Na ce ina ganin mun haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Misalan Malama duk na manyan zaɓuka ne, inda ƙuri'arki ɗigo ce a gulbi, ba ki san sauran miliyoyin ba, sai dai ki yi hasashe. Kansila kuwa mazaɓa ɗaya ce. Mun san layukanta, mun san gidajenta, mun san matan da ke cikin kowane gida saboda suna da biki da ta'aziyya. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi mutane ƙalilan ke fitowa, duk mun gani da idonmu, rumfa sai ta wuni ba layi. A irin wannan zaɓen "ba zai ci ba" ba hukunci ba ne daga sama, magana ce da ake iya ƙirgawa. Kuma mu ba mu ƙirga ba. Kowa na cewa tana son Malam amma ba zai ci ba, ita ma maƙwabciyarta haka take faɗi, haka har ƙarshen layi. In ɗari biyar suka faɗi wannan magana a ɗaki ɗari biyar, su ne suka kayar da shi, ba wani ba.

Sannan takarda biyu ake ba mu, ta ciyaman daban, ta kansila daban. Wa ya ce dole sak? Mutanen Kebbi sun iya wake da shinkafa tun ba yau ba. A 2023 Atiku ne ya ci jihar nan a zaɓen shugaban ƙasa, kujerun sanata uku duk PDP ta ɗauka, har Adamu Aliero ya kayar da gwamna mai ci Atiku Bagudu a Kebbi ta Tsakiya. Da aka zo na gwamna kuma, bayan an ce bai kammalu ba aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu, Nasir Idris na APC ya ci. Mutane ɗaya ne, suka raba ƙafa da gangan.

"Kuma ina sanatocin yanzu?" in ji Amarya.

Wannan tambaya ta zauna daram. A watan Mayun 2025 su ukun, har da namu na Kebbi ta Arewa, Yahaya Abdullahi, suka koma APC. Ba ina zagin kowa ba ne, kowane ya faɗi dalilinsa. Amma wadda ta danne zuciyarta ta zaɓi alama don lissafi, ta wayi gari alamar ta canja, lissafin ya bi ruwa. Abin da ya rage a hannunta shi ne mutumin, da halinsa. To in haka ne, a kujerar da ta fi kusa da ƙofar gidana, me zai sa in bar mutumin da na san halinsa shekara talatin in bi alama?

Yaya Babba ba ta saki ba. "To in ya ci, shi ma ya sauya sheƙa fa? Ko ana gobe zaɓe a kira shi a ba shi wani abu ya janye? Kin san ƙananan nan, da yawa don ranar janyewa anka buɗe su."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai jam'iyyun da rigar aro ce kawai. A Ribas cikin Oktoba 2024 wata ƙarama, APP, ta ci ƙananan hukumomi 22 cikin 23 saboda mutanen gwamna ne suka shige ta, daga baya Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen. Ƙanƙanta ba shaidar tsarki ba ce. Amma akwai ɗaya fuskar. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, APGA ta ci ciyaman na Gwagwalada a 2016, a 2022 kuma APC da PDP uku-uku suka raba. Inda aka ƙirga da gaske, mutane na bambanta ɗan takara da jam'iyya. Ko wanda bai ci ba, in ya tara jama'a, ba a raina shi. A Osun a 2018 tazarar ƙuri'a 353 ce tsakanin manyan biyu, sai ga su suna zarya gidan Iyiola Omisore na SDP da ya zo na uku da sama da 128,000. Mai ƙuri'a ɗari uku a dunƙule a mazaɓa ɗaya, ko ya faɗi, gobe da shi za a zauna. Wadda ta narke cikin taron mai ci kuwa, ba wanda ya san da ita, balle a biya ta.

Malama ta ƙara mana wani abu da ban sani ba. A Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74, aka bar 18, kuma cikin abubuwan da tsarin mulki ya ce suna tsirar da jam'iyya daga sokewa har da cin kujerar kansila ɗaya tak. Wato kujerar da muke rainawa tana iya riƙe ran jam'iyya a ƙasa baki ɗaya. Ta kuma tuna mana hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa tura musu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi. Ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, amma duk ranar da ya tabbata, kuɗin asibitin unguwa da rufin firamare da kwalbatin da ke cika da ruwa duk damina a gaban waɗannan 11 za a kasafta su. Mu da muka ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafar fadama, mun san bambancin wakilin da zai je ya tsaya a kan sunayen waɗanda ruwa ya ci da wanda zai rubuta 'yan ɗakinsu.

"Duk na ji," in ji Yaya a hankali. "Amma in an jefa ba a ƙirga ba fa?"

Ba wadda ta yi mata alkawarin ƙarya. Goggo ce ta ce mutanen Kano na da kalma uku, a kasa, a tsare, a raka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In Malam ba shi da ejan a kowace rumfa, wanda zai tsaya har a rubuta sakamako ya karɓi kwafi ya bi shi har wurin tattarawa, to wasa yake, kuma gara a faɗa masa tun yanzu.

Daga nan hirar ta koma aiki. Muka yanke cewa kowace za ta ɗauki layinta, ta shiga gidaje kamar yadda muke shiga kullum, ba da fasta ba, ba da hayaniya ba, ta tambayi mata abu biyu: kina da kati, kuma da kin san wasu za su yi Malam, za ki yi? A rubuta adadi, ba suna ba. Goggo da Malama za su je wurinsa da rakiyar mijin Malama, su tambaye shi ido da ido ko zai janye, ko zai sauya sheƙa, da kuma su wa zai tsayar a rumfuna. In adadin ya yi kauri, mu tsaya masa a fili, don akwatin da ya ci ba a yi masa baƙin fenti, lallashinsa ake yi. In bai kai ba, mu ɗauki abin da muka tara mu zauna da 'yan takarar manyan, mu nemi magana a gaban shaidu kan tuƙa-tuƙa da ungozoma mai kwana a asibiti, maimakon taliya da sabulu da turmin atamfa da ke ƙarewa kafin a rantsar da kowa.

Auta ta ce ita ko bai kai ba, Malam za ta yi. Na ce mata ni ma. A kujerar ciyaman zan yi lissafin Malama, in duba biyun da ke gaba in ba wanda cutarwarsa ta fi sauƙi, don can ba zan iya ƙirga Gulma da Lailaba da Felande daga tabarmar nan ba. A ta kansila kuwa na gama shawara. Mutumin da ya tashi da ƙarfe biyun dare ya kai ƙanwata asibiti ba zan ce masa ƙuri'ata ta fi ƙarfinsa ba.

Yaya Babba ba ta ce ta yarda ba. Ta dai tattara kwanuka, ta tsaya bakin madafa ta ce, "Layinmu gida goma sha huɗu ne. Ku bar mini su, ni zan shiga."

'Yar'uwa, ke ma kafin zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, ki nemo katinki, ki tambayi sunan duk wanda ya tsaya a mazaɓarku, manya da ƙanana, ki kuma tambayi maƙwabtanki abin da ke ransu kafin ki yarda an ce wane ba zai ci ba. Mu dai Juma'ar ƙarshen wata mai zuwa Amarya ke kwasa, kuma kowa za ta zo da zubinta da takardar ƙirgenta.